Abuja zuwa Kaduna: jirgin ƙasa ko mota?

Duk mai zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna ya san tambayar: "Jirgi za ka bi ko hanya?" Kowa kuma da amsarsa a baki tun kafin ka rufe naka. Akwai wanda tun da aka fara sace mutane a Rijana, wani gari a kan hanyar, bai sake taka titin ba. Akwai kuma wanda tun daren 28 ga Maris na 2022 da aka kai wa jirgin hari ya ce shi da jirgi haihata-haihata. Dukkansu suna da hujja, sai dai hujjojin sun kwana biyu, don jirgin da ake hawa yanzu ba na 2018 ba ne, titin ma ya sauya kama ba sau ɗaya ba. A ganina abin da ke raba gardamar nan abu uku ne da ba kasafai ake kawo su ba: daga wace unguwa ka taso, wace unguwa ka nufa, kuma ƙarfe nawa ne lallai sai an gan ka a can.

Sai an ɗan waiwaya tukuna, domin rabin halin jirgin nan daga yadda aka gina shi ya samo asali.

Abuja ba ta gaji jirgin ƙasa ba. Layin da Turawan mulki suka shimfiɗa ya isa Kano a 1911 daga Baro, shekara guda bayan nan aka haɗe shi da na Legas, ya riƙa bi ta Zungeru da Minna ya shigo Kaduna ya zarce Zariya. Kaduna a jikin layin dogo ta girma. Amma da gwamnatin Murtala ta zaɓi wurin sabon babban birni a 1976, babu layin da ya ratsa wajen, kuma ko da aka tare a 1991 haka aka ci gaba da zama shekara 25 daga titi sai jirgin sama. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na China kwangilar sabon layi daga Legas har Kano a kan dala biliyan 8.3. Kuɗin ya gagara, zamanin 'Yar'aduwa aka jingine batun, daga baya aka yanke shawarar a riƙa yi guntu-guntu. Guntun farko shi ne Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186. An fara aiki a 2011 zamanin Jonathan, an gama shimfiɗa layi a ƙarshen 2014, Buhari ya ƙaddamar a 26 ga Yuli na 2016. Shi ya sa har gobe magoya bayan jam'iyyu biyu ke jayayya a kan wa ke da jirgin. Ya ci dala miliyan 870 da wani abu, miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na China.

Abu biyu a ginin nan suna shafar matafiyi kai tsaye. Na farko faɗin layin. Tsohon layin Turawa milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sabon kuwa 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Don haka jirgin Abuja ba zai iya shiga tsohuwar tashar Kaduna ba, balle ya wuce Zariya da Kano. A sabuwar tashar Rigasa yake tuƙewa, kuma a nan zai ci gaba da tuƙewa sai ranar da aka gama layin Kaduna zuwa Kano, wanda aka aza harsashinsa a Yulin 2021, shekarar da aka fara na Kano zuwa Maraɗi. Na biyu, layi ɗaya ne tilo. Jirgin da ya taso daga Idu, tashar farko a Abuja, da wanda ya taso daga Rigasa sai sun haɗu a ɗaya daga ƙananan tashoshin hanya irin su Jere ko Rijana, inda layin ya rabu biyu, ɗaya ya rakuɓe ɗaya ya wuce. Idan ka ga jirginku ya tsaya cik a tsakiyar daji babu bayani, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, ɗan'uwansa yake jira. Kuma idan ɗaya ya makara, ya ja wa ɗayan.

Farkon farawa tikitin bai kai naira dubu ɗaya ba, mutane da yawa ma yawon buɗe ido suke zuwa yi. Abin da ya cika jirgin maƙil ba daɗinsa ba ne, tsoron titi ne. Daga 2016 garkuwa da mutane ta mamaye tsakanin Jere, Katari, Kurmin Kare da Rijana. A Afrilun 2019 aka sace shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC da 'yarsa a hanyar, a Nuwamban 2020 aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan hanyar zuwa Badagry. Sai ga sanatoci da manyan hafsoshi suna tura direba da mota babu kowa ta titi, su kuma su bi jirgi a tarbe su a Rigasa. Rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida a Maris da Afrilun 2017, lokacin da aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, shi ma ya sa mutane da yawa suka saba da jirgin ƙasan. A Janairun 2018 aka ƙaro taragai 10 da kan jirgi 2, sawu ya ƙaru, har akwai na sassafe da na bayan magariba. A lokacin mutum yana iya karyawa a Kaduna, ya yi aikinsa a Abuja, ya dawo ya ci tuwon dare a gida.

Wannan na yamman shi ne aka rasa. A Oktoban 2021 aka dasa nakiya a layin kusa da Rijana, ta lalata kan jirgi, aka tsaya 'yan kwanaki aka ci gaba. Wata biyar bayan nan, ranar Litinin 28 ga Maris na 2022, jirgin AK9 da ya bar Idu wajen ƙarfe 6 na yamma ya taka nakiya a yankin Katari da Rijana, 'yan bindiga suka buɗe wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu a daren, aka tafi da sama da 60 daji, na ƙarshensu 23 ba su fito ba sai 5 ga Oktoba. Kwana biyu kafin harin an kai wani harin a filin jirgin saman Kaduna, don haka a makonnin nan mutanen Kaduna gaba kura baya sayaki suke ciki. Jirgi bai dawo ba sai 5 ga Disamba, bayan wata takwas, kuma ya dawo da sawu huɗu kacal, biyu zuwa biyu dawowa, dukkansu da rana. Tun daga nan jadawalin ya sha sauyawa, wani lokaci a ƙara wani lokaci a rage, amma manufa ɗaya ba ta sauya ba: a yi ƙoƙari kada duhu ya riski jirgi a daji. Ran Laraba kuwa ta gyara ce, sawu yakan ragu ko a ɗage.

To daga nan lissafin lokaci yake farawa, kuma a nan mutane suka fi yaudarar kansu. An gina layin ne don gudun kilomita 150 a awa, amma jirgin ba ya yin kusa da haka. A kwanakinsa masu kyau awa biyu da 'yan mintoci yake yi daga Idu zuwa Rigasa, yanzu ka sa masa biyu da rabi zuwa uku. Mai son jirgi zai kawo maka wannan adadi ya tsaya. Ba zai lissafa cewa sai ka isa tasha da wuri an binciki kaya an duba tikiti ba, kuma ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Ba zai lissafa tafiyar zuwa tashar ba. Idu tana can gefen unguwar masana'antu, bayan gari. Mutumin Life Camp ko Jabi ko Lugbe bai yi nisa da ita ba. Mutumin Gwarinpa, Dutsen Alhaji, Dei-Dei ko Bwari gara ya jira shi a Kubwa, tasha ta biyu, wadda ke cikin mutane. Amma wanda ya taso daga Nyanya, Karu ko Mararaba sai ya keta Abuja kaf kafin ya ga layin dogo, kuma da safiyar ranar aiki wannan kaɗai tafiya ce mai zaman kanta. Abin da ya ɗan rage zafi shi ne ƙaramin jirgin cikin gari, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a Mayun 2024. Yana haɗa Idu da tsakiyar birni da kuma filin jirgin sama. Idan lokacinsa ya dace da naka ka huta da kuɗin tasi, amma ka duba lokacin nasa tun jiya.

Ɓangaren Kaduna ya fi wannan yanke hukunci. Rigasa tana yamma da gari, bayan titin Nnamdi Azikiwe da ake ce wa baifas. Ga mazaunin Rigasar kanta, Tudun Wada, Unguwar Sanusi, Badikko, Kurmin Mashi, ko ma Mando da Kawo, tashar ta yi daidai. Ga mazaunin Barnawa, Kakuri, Sabon Tasha ko Gonin Gora, jirgi wuce gidansa yake yi, ya kai shi can gaba, sannan ya biya kuɗi ya dawo baya. Titin Abuja kuwa ta kudu yake shigowa Kaduna, wato motar haya kusan a ƙofar gida za ta ajiye shi. Yawanci jirgin ba ya ɗauka ko saukewa a ƙananan tashoshin hanya, don haka kar ka sa rai za ka sauka a Kakau ka yanke.

Idan aka haɗa duka, daga ƙofar gida zuwa ƙofar inda za ka, tafiyar jirgi takan cinye awa huɗu zuwa biyar. Mota fa? Daga Zuba zuwa Kaduna kilomita 165 ne ko kusa da haka, kuma da titin na lafiya awa biyu ce. Matsalar ita ce ya daɗe ba shi da lafiya. An ba Julius Berger kwangilar sake gina shi har Kano a ƙarshen 2017, aka gama mafi yawan ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da Zariya zuwa Kano, amma na Abuja zuwa Kaduna ya maƙale, har gwamnati ta soke kwangilar a Nuwamban 2024 saboda saɓani a kan farashi, ta ba wani kamfanin ya yi da kankare. Abin da wannan ke nufi ga direba shi ne nan sabon titi sumul, can an rufe hannu ɗaya an haɗa masu zuwa da masu dawowa a ɗayan, gaba kuma ramuka. Ga Tafa da tireloli jere a gefen hanya, ga cunkoson Dikko, Gauraka, Madalla da Zuba. Ranar sa'a awa uku. Ranar da tirela ta faɗi ta gindaya a inda hannu ɗaya ake bi, sai ka ga mutane sun fito suna shimfiɗa darduma a gefen kwalta, an yi azahar an yi la'asar ba a motsa ba. Wasu direbobin sukan yanke daga Jere su bi ta Bwari don kauce wa Tafa da Suleja. Takan rage lokaci, musamman ga mai zuwa Dutse ko Kubwa, amma hanya ce mara yawan motoci, yankin Bwari kuma ya yi fama da masu garkuwa a farkon 2024. Da rana tsaka ne kawai zan yarda a bi da ni ta nan.

Wato a tsawon lokaci kusan kunnen doki ne. Bambancin shi ne mota tana tashi lokacin da ka shirya, ko a ce lokacin da ta cika. A Zuba ko Jabi, ko Kwamand Janshin da Kawo a Kaduna, ba ka rasa Sharon ko Golf ko Siyena mai lodi daga asuba har yamma. Za ka dai sha "Alhaji shigo, saura mutum ɗaya!" daga bakin ɗan kamasho, ka shiga ka tarar biyu daga waɗanda ke zaune ba matafiya ba ne, 'yan cika ido ne da za su sulale ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka jiran rabin awa ne ko awa ɗaya. Jirgi kuwa in ya wuce ka ya wuce ka, na gaba sai bayan awoyi, ko sai gobe.

Sai tikiti, wanda shi ne babban ciwon kan jirgin nan tun ran gini. Kujeru ba su taɓa isar masu nema ba. A shekarun farko layi ake bi a tasha, a ce tikiti ya ƙare, ka juya ka tarar da shi a hannun 'yan cuwa-cuwa a ninkin kuɗinsa. A Janairun 2021 aka koma sayarwa ta intanet, bayan harin kuma aka ce sai da lambar NIN, sunan da ke kan tikiti ya dace da na katin shaidarka. An samu sauƙi, amma cuwa-cuwar ba ta mutu ba, waya ta koma. A ranakun da ake rububi, kujeru kan ƙare cikin 'yan mintoci da buɗe sayarwa. Ranakun kuwa sanannu ne: Alhamis da Juma'a daga Abuja, lokacin da ma'aikatan da iyalansu ke Kaduna, Zariya da Kano suke gudu gida, sai Lahadi da safiyar Litinin daga Rigasa. Talata ko Asabar da wuya ka sha wahala. Shawarata kar ka sayi tikiti a hannun wanda ya tare ka a bakin tasha yana "Yallaɓai, akwai na fas kilas." In sunan wani ne a kai, ana iya mayar da kai a ƙofa, kuɗinka kuma ya tafi. Ga wanda ba ya taɓa manhajar waya, kamar tsofaffinmu, a sa yaro ya saya musu tun da wuri da lambarsu, ba da tasa ba.

Kuɗi kuwa, a kan takarda jirgi ya yi nasara ba tare da gardama ba. Bayan korona a 2020 aka mayar da ƙaramar kujera naira 3,000, da aka dawo a Disamban 2022 ta koma 3,600, ta tsakiya 6,500, ta manya 9,000. Wata shida bayan nan aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, na jirgi kuma ya daɗe bai motsa ba, saboda gwamnati ce ke yanke shi ba farashin mai ba. Har kyauta aka hau shi a hutun ƙarshen 2023. Don haka kujera ɗaya a Sharon ta fi ƙaramar kujerar jirgi tsada nesa ba kusa ba. Sai dai ka ƙara kuɗin tasi zuwa Idu, wanda in shata ka ɗauka daga cikin gari yana iya kai kuɗin tikitin ko ya wuce, ka ƙara na Keke ko tasi daga Rigasa. Ga mutum ɗaya da 'yar jakarsa, har yanzu jirgi ya fi sauƙi. Ga magidanci da uwargida da yara huɗu da ke da motarsa, lissafin ya juye: tikiti shida, shata biyu, sannan ya isa Kaduna ba shi da abin hawan zaga dangi. Wannan ya zuba mai ya kama hanya da sassafe.

Haka batun kaya. Jirgin na fasinja ne, akwati da jakar hannu yake so, waɗanda za ka iya ɗagawa ka sa a kanta saman kujera. Hajiyar da ta saro atamfa da leshi, ko mai buhun shinkafa da jarkar manja na biki, za ta sha jan kaya a matakala da tambayoyin masu bincike. A tasha kuwa magana ɗaya ce, "Hajiya, kayan nan fa sai kin biya kujera," a yi ciniki a ɗaure a but a wuce.

A jin daɗin jiki babu haɗi, kuma ba na jin akwai mai musu. Kujerarka taka ce kai kaɗai, akwai sanyi, akwai banɗaki, kana iya miƙewa ka taka ƙafa, ka buɗe kwamfuta ka yi aiki, ko ka yi barcinka. Akwai masu sayar da lemo da ɗan abin taɓawa. Taragan sun fara tsufa, wani lokaci na'urar sanyin wani tarago takan mutu, kuma da yake tagogin ba sa buɗuwa, in hakan ta faru a watan Afrilu sai ka ga kowa ya mayar da takarda mafici. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da dama cikin daji, don haka ka gaya wa mai tarbarka lokaci tun kana Kubwa. Amma duk wannan ba a kwatanta shi da zaman mutum huɗu a kujerar baya, gwiwa a ƙirji, jakar wani a cinyarka, direba yana kauce wa rami a guje. Ga mai ciwon baya, mai juna biyu, tsoho, ko wanda aka sallamo daga asibiti, wannan kaɗai ya isa dalili. Tsakanin azuzuwan jirgin kuwa, lokaci ɗaya kowa ke isa. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka faɗin kujera ne da ƙarancin hayaniya. Ni ta tsakiya nake ganin ta fi dacewa da wanda zai yi aiki a hanya, ta manyan kuma sau da yawa mutane na sayenta ne don ita ta rage. Abin da titi ya fi shi kaɗan ne amma na gaske: direba zai tsaya a yi sallah a kan lokaci, ka kuma sayo doya ko ayaba ko rake a gefen hanya ka shiga gida da tsaraba. A jirgi gara ka yi sallarka a tasha kafin shiga.

Yanzu maganar da ke ran kowa, tsaro. A nan ina ganin mutane suna auna abin da ya fi ba su tsoro ne, ba abin da ya fi faruwa ba. Harin 2022 ya girgiza ƙasa, kuma ya nuna cewa jirgi ba katanga ba ne. Amma tun da aka dawo ana tafiya da jami'an tsaro a ciki, an ƙara sa ido a kan layin, an kuma daina ratsa dajin da dare. A titi ma an girke sojoji da 'yan sanda a wuraren da suka yi ƙaurin suna, kuma labarin tare hanya ya ragu ƙwarai in aka kwatanta da 2019 zuwa 2021, ko da yake bai ƙare ba. Abin da bai ragu ba shi ne haɗari. Taho-mu-gama a inda aka haɗe hannu biyu, fashewar taya, direban da ya yi sawu uku bai runtsa ba, tirelar da ta tsaya ba fitila. Waɗannan ba sa kwana biyu a labarai, amma su ne ke cin rayuka mako bayan mako. Ko gobarar tankar mai ta mahaɗar Dikko a 18 ga Janairu na 2025, wadda ta kashe sama da mutum 80, a bakin wannan titin ta faru. In ana maganar isa da rai da lafiya, jirgi na gaba.

Nasa aibin daban ne. Ya goce daga layi a Kubwa a Janairun 2023, ya sake a Mayun 2024 a kusa da Jere, sannan a 26 ga Agusta na 2025 taragai suka kife a Asham da mutum sama da 600 a ciki. An ji raunuka, ba a rasa rai ba, amma jirgi bai dawo ba sai farkon Oktoba. Kan jirgi kuma ya sha lalacewa a hanya, fasinjoji su zauna awoyi ana jiran a turo wani. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kawunan jirgi da taragai kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, kayan gyara daga waje suke zuwa, ga ɓarayin ƙarafan layi. Saboda layin ɗaya ne, matsala guda takan tsayar da komai na ranar. Don haka jirgi ya fi kiyaye lafiyarka, amma bai fi kiyaye alƙawarinka ba. Wanda ke da jirgin sama da zai kama a Abuja, ko ganawa a ofishin jakadanci, ko jarrabawar ɗaukar aiki ƙarfe 10 na safe, kada ya dogara da jirgin safiyar ranar. Kada ma ya dogara da titin. Ya tafi tun jiya ya kwana.

Mutanen Zariya, Kano, Funtuwa da Katsina lissafinsu na da ɗan bambanci. A bakin tashar Rigasa akwai motoci da ke jiran saukar jirgi su yi lodin waɗannan garuruwa, kuma titin daga Kaduna zuwa Kano yanzu ya yi kyau. Mutane da yawa haka suke yi: jirgi ya tsallakar da su mummunan ɓangaren, mota ta ƙarasa da su a mai kyau. Dabara ce mai kyau in jirgin safe ka samu. In na yamma ne, za ka sauka Rigasa gab da magariba, ka yi Zariya zuwa Kano cikin dare, na Funtuwa da Katsina kuwa ban ba shi shawarar ya ci gaba ba, ya nemi wurin kwana. Wanda bai samu na safe ba, motar da za ta ɗauke shi daga Abuja kai tsaye ƙarfe 6 ko 7 ta fi masa, domin kafin la'asar ya shiga Kano.

Da za a ce in zaɓa wa mutum, ga yadda zan yi. Kai kaɗai ne, kayanka kaɗan, ka san ranar tafiyarka tun da wuri, kana kusa da Kubwa ko Idu, kuma arewaci ko yammacin Kaduna ka nufa: nemi tikiti, kar ka tsaya shawara. Tafiyar gaggawa ce, rasuwa aka yi ko mara lafiya, ko kuna da yawa, ko kudancin Kaduna za ka, ko kana son zuwa ka dawo a yini ɗaya: bi titi, amma ka shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta suna, ba a gefen hanya ba, ka tashi da safe, ka kuma tabbata ƙarfe 4 na yamma ba ta same ka kana shirin fita ba. Zuwa da dawowa a yini ɗaya ta jirgi yana yiwuwa a wasu ranakun, sai dai abin da zai rage maka tsakanin sauka da komawa tasha bai fi awa biyu ko uku ba, bai isa a bi fayil a sakatariya ba.

Makon sallah kuwa, ƙarama ko babba, da ƙarshen Disamba, duka biyun cushewa suke yi. Tikiti sai mai rabo, kuɗin mota ya ninka, Zuba ta tsaya cak. Wanda ke da iko ya tafi kwana uku kafin a ba da hutu. Ko a ranar da ba ta biki ba, mai tikitin jirgi ya duba sanarwar hukumar jiragen ƙasa da daddare da kuma da asuba kafin ya fita, ya kuma riƙe kuɗin mota a aljihu, don daga tashar Kubwa zuwa Zuba ba nisa in aka ce yau babu jirgi.